Yaro a ajina ba ya zama wuri ɗaya, jiya saura ƙiris adaidaita ta kaɗe shi, dan Allah ku ba ni shawara

Malama_Aji1:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya hankalina bai dawo jikina ba. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a cikin Kano, aji ɗaya nake riƙe da shi, bana shekarata biyu da kama aiki, yara 74 ne a rajista amma dai kullum ba a rasa sittin da 'yan kai, kuma ni kaɗai ce a kansu.

Akwai wani yaro ɗan shekara shida, ba sai na faɗi sunansa ba, wlh yaron nan ba ya iya minti uku a zaune. In na juya ina rubutu a allo kafin in waigo ya ɗare taga, ko ya shige ƙarƙashin benci yana jan ƙafafun mutane, ko ya ɗauki takalmin wani ya wurga waje. In na yi tambaya ban rufe baki ba ya amsa, kuma abin da ke ɗaure min kai sau da yawa daidai yake amsawa, ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan, baƙaƙe duk ya san su har su ƙ da ɗ da ɓ da ke ba sauran wuya. Amma ku buɗe littafinsa ku gani, rabin layi ne ya tsaya. Fensir kuwa kullum sai an sayi sabo.

Abin da ya sa na kasa haƙuri jiya ne. An fita tara, get a buɗe saboda masu awara da rogo da ke zama a bakinsa, baba maigadi ya zaga baya, wani ya buga ƙwallon roba ta fice titi, yaron nan ya bi ta da gudu ko waige babu. Ƙarar birkin adaidaita kawai na ji. Allah ne ya sa wata mai awara ta finciko rigarsa har aljihun ya yage. Na jawo shi gabana jikina na ɓari na ce me ya kai ka titi, ya ce "Malama ai ƙwallon ce ta fita", shi ke nan fa, bayan minti biyar yana can yana tsere da wani kamar ba shi ba. Satin da ya wuce ma da reza ya yanke yatsa wai zai fiƙe fensir.

Ba zan ɓoye muku ba na dake shi, ba sau ɗaya ba, na sa shi kamun kunne, na sa shi tsallen kwaɗo, zai yi kuka shaɓe-shaɓe ya ce ya tuba kuma na san har zuciyarsa yake faɗa, kafin a tashi ya koma ruwa. Na kira mamansa ta ce a gida ma haka suke fama, sau biyu ana kai shi ruƙiyya, kakarsa kuma ta ce a ƙyale shi ubansa ma haka ya yi ƙiriniya. Hedimasta ya ce in abin ya ci gaba gara su riƙe abinsu a gida kafin ya ja mana magana. Ni kuma ba na son a kore shi.

Sai kuma wata yarinya a layin baya, ita akasinsa ce, shiru kamar ba ta ajin, ta ƙura wa taga ido sai na kira sunanta sau uku kafin ta ce na'am. Da ban ma sa ta a lissafi ba tunda ba ta damun kowa, sai daren jiya da na kasa barci ta faɗo min a rai.

Waɗanda suka daɗe a aikin nan ya kuke yi da irin waɗannan?

Ɗan_Kurna:

Malama ke ce kike da sanyin hannu. Mu da aka yi mana dukan tsiya a firamare ga mu nan mun zama mutane ba wanda ya mutu. Raini ne kawai ya ga mace ce. Ki haɗa shi da malamin da ake tsoro a makarantar ya zuba masa lafiyayyu guda shida a gaban asembili, in ya ƙara fita titi ki zo ki faɗa min. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya_TsohuwarHedi:

Wa alaikumus salam 'yata, sannu, Allah ya tsare gaba. Shekara 33 na yi a firamare a Zariya kafin in yi ritaya, kuma duk shekarar duniya sai an samu irin yaron nan ɗaya ko biyu a aji, to kar ki ɗauka a kanki aka fara.

Ni da get ɗin zan fara, don ba yaron ne ya bar shi a buɗe ba. Makarantar da ke bakin titi ba ta da dalilin barin ƙofa a hangame lokacin tara ko da duk yaran waliyyai ne, yau shi ne gobe wani ne mai natsuwa. Ki samu hedimasta da ladabi, kar ki je masa da zancen yaro, ki je da zancen ƙofa, a shigo da masu tallan ciki su zauna gindin bishiya ɗaya, a rufe get, malami ɗaya ya tsaya a wurin har a koma aji, a riƙa yi bi da bi. Ko sisi ba ya ci. In ya yi nauyin jiki akwai kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ai don irin wannan aka kafa shi, da mai unguwa da iyaye mata duk a ciki. Kuma abin jiya ki rubuta shi a littafi da kwanan wata ki sa hannu hedimasta ya gani, don ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ke za a fara tambaya.

Sannan wata rana ki zaga makarantar da idon ɗan shekara shida, ki ga sokawen da murfinsa ya fashe, rijiya ba marfi, katangar da ta tsage tun damina, wayar wuta da ke reto, bencin da ƙusa ta leƙo. Reza kuwa ni hana ta na yi gaba ɗaya, abin fiƙe fensir guda biyu na ɗaure da zare a jikin teburina, mai son fiƙewa ya zo nan.

Cikin aji ki dawo da shi gaba dab da ke inda hannunki zai kai kafaɗarsa, nesa da taga nesa da ƙofa, kuma kar ki sa abin ya zama horo, ki ce masa daga yau kai ne mataimakina. Jikinsa motsi yake nema 'yata, in ba ki ba shi na halal ba zai samo na haram. Shi zai goge allo, shi zai raba littattafai, shi zai tattara alli, duk bayan minti goma ki ƙirƙiro masa dalilin tashi kafin ya ƙirƙiro wa kansa.

Ki kuma saurari bakinki in kina ba da umarni. "Ku fito da littafi ku buɗe sabon shafi ku kwafi abin da ke allo ku kawo min", magana huɗu ke nan, shi ta farko kawai ya ji. Ki kira sunansa, ki bari ya kalle ki, ki faɗi ɗaya, ki sa ya maimaita miki. In aikin layi shida ne ki ce biyu zai yi ya kawo, ki sa masa maki da jan biro nan take, ya koma ya ƙaro biyu, kin ga ya samu tashi sau uku kuma aiki ya cika. Irin su alkawarin kyautar ƙarshen zango ba ya aiki a kansu, sai ladan yanzu-yanzu. Kuma gobe ki ƙirga sau nawa kika kira sunansa don faɗa, za ki ji kunya, ni ma na ji lokacin da na ƙirga nawa. Ki riƙa farautar lokacin da ya yi daidai ko na minti ɗaya ne ki faɗa da ƙarfi ajin ya ji.

Su ma sauran ba wai zaman suke iyawa ba, tsoro ne ya zaunar da su. Tsakiyar darasi ku miƙe gaba ɗaya, a yi ba be bi bo bu da tafi, a yi tsalle goma, a zauna.

Abu biyu kuma da ban taɓa wasa da su ba. Ƙirga kai sau uku a rana, bayan asembili, bayan tara, da kafin tashi. Da kuma wanda zai tafi da yaro. Tun abin da ya faru nan Kanonku ƙarshen 2021, yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe kuma kotu ta kama mai makarantarsu da laifin, na daina yarda da zancen ai fuskar da yaro ya sani ce. Iyaye su faɗi wa zai riƙa ɗaukarsa, in wani ne daban ya zo a buga waya. Shi wannan naki kuma in an tashi hannunsa cikin na yayansa ko na wani babba har a tsallake titi.

Na san abin da yawa. A manufar ilimi ta ƙasa yara 35 aka rubuta wa malami ɗaya a firamare, ke kina da ninki biyu da ɗoriya, to ki ɗauki biyu ko uku ki fara da su kawai.

Sista_Yara:

Malama sannu da ƙoƙari. Ni nas ce a ɓangaren yara, abin da Hajiya ta faɗa ki riƙe shi hannu bibbiyu, ni ta wajen lafiya zan ɗan ƙara.

Abin da kika siffanta ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato wahalar tattara hankali da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Na ce ya yi kama fa, ban ce shi ne ba tunda ban ga yaron ba, ke ma dan Allah kar ki je ki ce wa uwarsa ɗanki na da kaza, sa suna aikin likita ne. Kafin a ce ita ce sai alamomin sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya kamar gida da boko da islamiyya, kuma sun wuce na sa'anninsa har suna ɓata masa karatu ko zama da mutane. A duniya ana ƙiyasta wajen yara 5 cikin 100 ne, ki lissafa a ajin mutum 74 uku ko huɗu ke nan. Tana bin jini sosai shi ya sa maganar kakar ba ta ba ni mamaki ba. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, ba kuma shan alawa ba. Ya san titi da haɗari, ki tambaye shi a zaune zai zayyana miki, amma tsakanin ganin ƙwallo da bin ta ɗan birkin nan da sauran ke takawa nasa bai gama kamawa ba, shi ya sa irin su sun fi zuwa mana da karaya da ƙuna da yanka. Kuma shi ya sa tubansa gaskiya ne komawarsa ma gaskiya ce.

Amma kafin a kai can akwai abubuwan da ke kwaikwayon ta. Yunwa ta farko, ki tambaye shi me ya ci da safe. Barci, ɗan shekara shida awa 9 zuwa 12 yake buƙata, wanda ke kallon wayar mamansa har sha ɗayan dare a tashe shi da asuba bai samu ba, kuma yaro in barci bai ishe shi ba ba hamma yake kamar babba ba, rawar kai yake ƙarawa. Ƙarancin jini, kunne mai fitar da ruwa, idon da ba ya hango allo. Akwai kuma gubar dalma, kowa ya tuna Zamfara a 2010, yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, to kaɗan ɗin da ba ya kisa ma yana taɓa ƙwaƙwalwa da natsuwa, in a gidansu ko maƙwabta ana fasa tsofaffin batiran mota ko ana sa wa yara kwallin dutse a faɗa wa likita. Sannan yaron da da lafiyarsa ƙalau sai farat ɗaya ya canza, ya fara fitsarin wando ko tsoron wani mutum ko wani lungu, wannan wata magana ce daban, a zauna da shi a hankali a ji ko wani na cutar da shi.

Ni gaskiya yarinyar nan ta fi tsaya min a rai. Ko dai ba ta ji sosai, ko nau'in lalurar ne mara motsi wanda ake yawan wucewa a 'ya'ya mata saboda ba sa damun kowa, ko kuma wata ƙaramar farfaɗiya ce da ba a faɗuwa. Yaro zai tsaya cak kamar daƙiƙa goma ido a ƙafe, wani lokaci yana ƙifta ido ko motsa baki, sai ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma tana iya zuwa sau da yawa a rana. In ta yi shirun ki je ki dafa kafaɗarta, in tunani ne za ta zabura, in waccan ce ba za ta ma san kin taɓa ta ba sai ya sake ta. Ana gane ta da gwajin ƙwaƙwalwa na EEG kuma tana jin magani. Kunne kuma ki tsaya ta bayanta ki kira sunanta ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu.

Tunda Kano kuke su fara da asibitin yara na Hasiya Bayero ko ɓangaren yara na asibitin Malam Aminu Kano, su za su tura su gaba in da buƙata. Na Kaduna akwai cibiyar kunne ta ƙasa da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, na Sakkwato akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Gudummawar da ta fi kowacce daga wajenki ita ce ki yi sati biyu kina rubuta abin da kika gani, ƙarfe nawa, me ake yi a lokacin, me ya yi, ki ba iyayen su tafi da shi, likita minti kaɗan zai gan shi ke kuwa kullum kina tare da shi. Magani akwai, methylphenidate ne aka fi sani, amma ƙwararre ne ke rubuta shi bayan bincike kuma ba kowane yaro ke buƙata ba. Ki ja wa uwar kunne kar wani ya ce ta je kemis a ba ta maganin mura mai sa barci wai don ya natsu.

Malam_Islamiyya:

Ɗan'uwa Ɗan_Kurna Allah ya yi maka albarka, karin maganar da ka kawo tanƙwarawa ta ce ba karyawa ba. Ita Malama ta ce ta daka ba sau ɗaya ba kuma bai hana shi shiga titi ba, to ƙari shida ne zai hana?

Salla da ita ce ginshiƙi, hadisin Abu Dawuda cewa ya yi a umarci yara da ita suna 'yan shekara bakwai, ba a ma ambaci duka ba sai a goma. Wannan shida gare shi. Anas ɗan Malik shekara goma ya yi yana wa Annabi SAW hidima tun yana yaro ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Jikansa ya hau bayansa yana sujada ya tsawaita ta har sahabbai suka zaci wani abu ne ya faru, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. To mu wa muke koyi da shi?

Ina da irinsa guda biyu a ajin yamma. Ɗaya a tsaye yake hadda yana kai da komo a bayan aji, da na matsa sai ya zauna ba ya riƙe ko aya biyu, da na ƙyale shi ya wuce da yawa daga masu naɗe ƙafa. Maganar ruƙiyya kuma, addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun, amma ba kowane yaro mai rawar kai ne aljanu suka shafa ba, kuma ina roƙon iyaye su daina faɗin haka a gaban yaro don yana ji kuma yana yarda.

Mushe_Maradi:

Salamu alaikum, ni nan Maraɗi nike koyarwa, lakwal ta gwamnati. Hajiya ta yi zancen rufe ƙofa, gaskiya ne, amma ku bambanta ƙofar waje da ƙofar aji. Mu nan mun ga abin da ba mu mancewa. Watan Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai yara 20 sunka rasu, mafi yawa 'yan ƙanana, watan Nuwamba na shekarar kuma ta faru nan garinmu, yara sama da 20 'yan shekara biyar da shida. Zana in ta kama ba ta jira, kuma yaro ƙarami in ya tsorata ba gudu yake ba, wani ɓoyewa yake.

Na faɗi haka don na san malamai da yawa in sunka samu yaro mai fita-fita sai su sa sakata ko su gicciya benci a bakin ƙofa su tafi ofis. Don Allah kada a yi. Ƙofar aji ta zama hanya a buɗe, takalma a gefe ba a tsakiya ba. Ni duk wata sai mun yi gwajin fita, in na busa usur sau uku kowa ya aje abin hannunsa, layi biyu, kowa da abokinsa, mu taru gindin bedi in ƙirga. Na farko hauka ne, turereniya da dariya, na huɗu sun iya. Mai rawar kan shi nike sawa gaban layi hannunsa cikin nawa, in na sa shi baya sai in iske ya koma ɗaukar jaka.

Abban_Uku:

Malama ni uba ne, ɗana na biyu likita ya tabbatar yana da lalurar ADHD ɗin da Sista ta faɗa yana aji uku, kafin nan makaranta biyu suka ce mu ɗauke shi, kuma wallahi ni kaina na dake shi dukan da har yau in na tuna ba na jin daɗi. To Allah ya saka miki da kika ce ba kya son a kore shi.

Zan ɗan saɓa wa Hajiya a wuri ɗaya da girmamawa, zancen mataimaki bai yi wa nawa ba, da aka ba shi sai ya ɗauka monita ya zama ya fara dukan yara, sai da aka mai da shi aikin da ba iko a ciki kamar goge allo. Abin da ya fi yi mana aiki wani ɗan littafi ne na naira kaɗan da ke yawo tsakanin malamarsa da mamansa, abu uku kawai aka rubuta, ya zauna lokacin karatu, ya gama aiki, bai fita ba izini ba, kullum ta sa alama a gaban wanda ya yi, in ya samu biyu cikin uku da yamma ya hau keke ko in fita da shi masallaci mu biya ta wajen mai ƙosai. In bai samu ba ba duka, gobe ma rana ce. Mun kuma karɓe waya daga magariba.

Kuma in za ki kira mamansa dan Allah ki fara da abin kirkin da ya yi. Matata sai da ta kai in ta ga lambar makaranta gabanta faɗuwa yake, ta daina ɗagawa. Ranar da wata malama ta bugo ta ce kawai na kira ne in ce yau ya karanta layi uku shi kaɗai, kuka ta zauna tana yi. Yanzu yana ƙaramar sakandare, har yau yana yar da biro kuma har yau ba na barinsa ya tsallake babban titi in yana sauri.

Ɗan_Kurna:

Malam na ji kuma na karɓa, ban da ja da hadisi. Amma ku faɗi gaskiya mutum ɗaya da yara saba'in, ta rubuta rahoto, ta cike ɗan littafi, ta dafa kafaɗar wannan ta ƙirga kan wancan, yaushe za ta koyar? Albashin nawa ne ma. A ƙaro malamai shi ne magana.

Malama_Aji1:

Na gode ƙwarai Hajiya, Sista, Malam, Mushe, Abban_Uku, har da kai Ɗan_Kurna don maganarka ta ƙarshe ba ƙarya, ranar Laraba ko ƙirgan bayan tara ban samu yi ba. Na bari sai da aka kwana goma kafin in dawo.

Get dai an rufe, hedimasta bai ma yi musu ba da na je da zancen ƙofa, masu awara ne suka yi ta mita kwana biyu yanzu sun saba har sun ce cinikin ya fi. Reza na tara guda 19 a rana ɗaya, ban taɓa zaton sun kai haka ba. Mushe wlh kamar ka gan ni, ina gicciya benci in zan je ofis, na daina.

Yaron yana gabana, layi bibbiyun nan yana yi, jiya ya cika shafi karon farko ya bi aji yana nuna wa kowa har sai da na kamo shi. Amma shekaranjiya ya hau katanga, kuma na ɗaga hannu kafin in tuna, ban dai sauke a kansa ba. Ashe bai karya kumallo ba yake fitowa, kuɗin tara ake ba shi kuma rabin lokaci ya yar kafin tara. Mamansa ta yarda da ɗan littafin, babansa ne ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibiti, na ce ta ce masa awon jini da ido da kunne ne kawai tukuna.

Yarinyar kuma Sista na dafa ta sau huɗu, uku ta zabura, ɗaya ba ta motsa ba sai can ta kalle ni ta ce Malama me kika ce. Na rubuta ranar da lokacin. Wurin kakarta take zaune kuma tsohuwar ba ta da waya, gobe in an tashi zan bi ta gida. Ya zan faɗa mata ba tare da na ambaci farfaɗiya ba, don kun san in kalmar nan ta fita a unguwa yarinyar ta shiga uku?